Bindigar Farauta Mai Araha: Harsashi, Madubi, Kunama Ko Ƙota, Wanne Za Ka Fara Kashe Wa Kuɗi?

Bindiga mai sakata, wadda ake jan sakatarta da hannu a fitar da kwanso a ɗura sabon harsashi bayan kowane harbi, da ita mafarautan barewa da yawa suke farawa a Amurka da Kanada. Masu arahar cikinsu, irin su Savage Axis da Ruger American da Mossberg Patriot, ana samunsu daga wajen dala 350 zuwa 600. Wannan rubutu na mutumin da ya riga ya sayi ɗaya ne, ya kai ta filin gwaji, ya tarar ramukan da harsasansa suka huda a takardar saiti sun bazu inci 2 ko 3 a nisan yadi 100, kuma akwai rarar dala 200 zuwa 300 a aljihunsa. Mai shago zai ce masa ya sayi madubin saiti, wato na hangen nesa da ake ɗaurawa a kan bindiga. Abokin farauta zai ce kunama. Masu bidiyo a YouTube za su ce ƙota, wato jikin bindiga na katako ko roba da ake dafawa a kafaɗa. Kuɗin kuwa ba zai ɗauki ukun ba.

Tun da farko, maganar ta shafi inda doka ta yarda ne. A Amurka mai katin zaman dindindin yana iya saye bayan ya cike fom 4473 an binciki sunansa, amma wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara an hana shi, sai dai in ya cika wani sharaɗi kamar mallakar lasisin farauta na jiha. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu kaurin 7.62mm da .300 da .303 cikin waɗanda ba a riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta kuma sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Kada kuma ka jefa madubin saiti cikin akwati za ka kai tsaraba gida, domin fitar da irin wannan kaya daga Amurka shi ma yana da dokar lasisinsa.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko, nawa gyaran zai matse ramukan. Masu harbi suna auna wannan da MOA. MOA ɗaya daidai yake da inci 1.047 a yadi 100, wato wajen santimita 2.9 a mita 100, kuma yana ninkuwa da nisa: inci 2 da ɗan ɗori a yadi 200, inci 3 da ɗori a yadi 300. Na biyu farashi. Na uku ƙarko, da kuma ko abin zai bi ka zuwa wata bindiga in ka sayar da wannan. Na huɗu sauƙin yi a gida. Na biyar haɗari, ga bindigar da kuma ga mutane.

Akwai na shida da ya kamata ya zo kafin duka, shi ne abin da kake bukata da gaske. Wurin huhu da zuciya a jikin barewar Amurka mai farar wutsiya faɗinsa wajen inci 8 ne. Bindigar da ke yin MOA 2 tana ajiye harsasanta cikin inci 4 da ɗan kaɗan a yadi 200, rabin abin da ake bukata ke nan. Mafaraucin dajin Pennsylvania ko Georgia, inda itatuwa ba sa barin ido ya yi nisa, bindigarsa ta riga ta ishe shi. Mai harbin farantin gwada saiti a yadi 500 kuwa, MOA 2 ya zama masa inci 10 da wani abu, kuma lallai yana da aiki a gaba.

Sannan a auna da gaskiya. Harbi uku ba ya nuna halin bindiga. Sa'a kaɗai tana iya haɗa ramuka uku wuri guda. A yi biyar-biyar, sau uku ko huɗu, a kan buhunan yashi gaba da baya, a ɗauki matsakaici. Bututun waɗannan bindigogi siriri ne, yana zafi da wuri, in ya yi zafi ramuka sukan fara tafiya gefe guda. A bar minti biyu ko uku tsakanin harbi, a bar shi ya huce sosai tsakanin zagaye.

Sifana mai awo

Wannan ba ya cikin abin da ake gardama a kai, amma ni da shi nake cewa a fara. Sifana ce da ke nuna ƙarfin da aka ɗaure noti da shi, irin Wheeler FAT Wrench, wajen dala 50 zuwa 60. Notunan da ke riƙe ƙarfen bindiga da ƙota, da na gadon da madubi ke zama a kai, da na zobban da ke riƙe madubin, kowanne yana da awonsa. Zobban madubi galibi inci-laba 15 zuwa 18 ake so, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti. Notunan ƙota sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, a duba littafin da ya zo da bindigar, kada a ɗauki awon Ruger a sa wa Savage.

Bindigogin da ake sayarwa da madubi a ɗaure, kamar Axis XP, su ne suka fi bukatar wannan dubawa. Noti ɗaya mai sako-sako a gadon madubi ya isa ya sa ramuka biyu su faɗi nan, uku su faɗi can. Wanda ya matse fiye da kima kuma yana lotsa jikin madubin, ya hana maɓallan saitinsa aiki daidai. A notunan gado ana ɗiga Loctite shuɗi, gam mai hana noti kwancewa. Loctite ja ba na nan ba ne, domin sai da wuta yake kwancewa.

A zaman nan ɗaya a gwada ko bututu yana taɓa ƙota. Ana zura takardar kuɗi ƙarƙashinsa a ja ta daga gaba har kusa da gindinsa. In ta maƙale a wani wuri, ƙota tana danna bututun a nan, kuma ɗan goge wurin da takardar yashi da aka naɗe a sanda yakan magance abin. Kayan aikin ba ya tsufa, zai yi wa duk bindigar da ka mallaka nan gaba aiki, haɗarinsa kuma kusan babu.

Harsashi

A nan nake ganin mutane suka fi yin sakaci, kuma a nan ribar ta fi yawa. Idan aka harba, bututu yana kaɗawa yayin da harsashi ke bi ta cikinsa. Harsashin da ke fita daidai lokacin da bakin bututun ya fi natsuwa shi ke tara ramuka wuri guda. Shi ya sa bindigogi biyu na kamfani ɗaya, masu lamba kusa da juna, kowace take da irin da ta fi so. Ba a sanin wannan daga jikin kwali, sai an harba.

Hanyar ita ce a sayi kwali ɗai-ɗai na iri huɗu ko biyar, masu nauyi daban. A harsashi nau'in .308 Winchester, wanda ya fito tun 1952, a gwada giren 150 da 165 da 180 (giren shi ne ma'aunin nauyin kan harsashi). A 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ta fito da shi a 2007, a gwada daga 120 zuwa 143. Kwalin 20 na farauta yana kaiwa dala 25 zuwa 45, don haka gwajin duka zai ci wajen dala 150. Ba abin mamaki ba ne bindigar da ke yin inci 2 da rabi da wani iri ta dawo kusa da inci 1 da wani, ba tare da an kwance noti ko ɗaya ba.

Yana da kyau a haɗa da kwali ɗaya na harsashin gasa, kamar Federal Gold Medal mai giren 168 a .308, ko Hornady ELD Match mai 140 a Creedmoor. Amfaninsa shi ne ya nuna maka iyakar abin da bindigar za ta iya. In da shi ma ramuka sun bazu, to matsalar tana wani wuri. Sai dai kada a kai shi daji. Kamfanin Sierra, mai yin kan harsashin MatchKing da ke cikin Gold Medal, da kansa ba ya ba da shawarar farautar manyan dabbobi da shi, saboda ba don ya buɗe a jikin nama aka ƙera shi ba. Raunata dabba ta gudu ta je ta mutu a wahale zalunci ne, kuma mafaraucin kirki yana gudunsa fiye da yadda yake gudun komawa gida hannu rabbana. Mai farauta a California kuma ya tuna tun 1 ga Yuli 2019 an hana farauta da harsashin dalma a duk jihar, sai ya yi gwajinsa cikin na tagulla.

Raunin wannan zaɓi shi ne kuɗin yana ƙonewa, babu wani ƙarfe da zai rage a hannunka. Abin da ya rage sani ne, kuma na wannan bututun kaɗai. In ka samu irin da ya dace, sayi kwali da yawa masu lambar rukuni ɗaya, domin ko a kamfani ɗaya rukuni yakan ɗan bambanta da rukuni.

Madubin saiti da zobba

Madubi ba ya sa bututu ya ƙara ƙwarewa. Aikinsa ya riƙe saiti duk da naushin bindiga, ya kuma nuna maka dabba sarai da asuba da gab da magariba, lokacin da barewa ta fi fitowa. Madubin da ke zuwa haɗe da bindiga mai araha wani yana yin shekaru lafiya, wani kuma cikinsa yana motsi tun kakar farko. Alamar mai motsi ita ce ka saita yau, ka dawo mako mai zuwa ka tarar tsakiyar ramukan ta ƙaura, alhali notuna suna ɗaure. Wata alamar, ka murɗa maɓalli dannawa huɗu, wanda ya kamata ya matsar da rami inci 1 a yadi 100, amma bai motsa ba sai bayan harbi na biyu. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce aron madubin da aka yarda da shi daga wajen aboki a ɗaura na yini ɗaya.

In ya tabbata madubin ne, Vortex Crossfire II mai girman 3-9x40, wato mai kusantarwa sau 3 zuwa 9, yana wajen dala 150 zuwa 200, Leupold VX-Freedom da ake haɗawa a Beaverton ta jihar Oregon yana wajen dala 300. Kamfanonin biyu suna ba da garantin gyara ko canji na tsawon rai. Zobba masu kyau da gado za su ƙara dala 50 zuwa 100, kuma kada a yi musu rowa, domin madubin dala 300 a kan zobba marasa ƙarfi asarar kuɗi ce. A duba kaurin jikin madubi, inci 1 ne ko milimita 30, kafin a sayi zobban.

Shawarata, kada ka bi yawan kusantarwa. Madubi mai araha da ke kusantarwa sau 24 hotonsa dishi-dishi ne, filin da yake nunawa ƙunci ne, kuma a daji za ka rasa dabbar a cikinsa. Sau 9 ya wadatar har yadi 300. Ta fuskar ƙarko wannan shi ne zakara, don madubi mai kyau yakan bi mai shi daga bindiga zuwa bindiga. Haɗarinsa ɗaya sananne ne: in an ɗaura shi kusa da ido, naushin bindiga zai sa ya tsaga gira. A bar tazarar inci 3 da rabi zuwa 4.

Kunama

Kunama mai tauri ba ta taɓa bututu, hannunka take lalatawa. Bindigar da nauyinta bai wuce laba 7 da madubi ba, in kunamarta na bukatar laba 6 kafin ta tashi, kusan nauyin bindigar duka kake ja da yatsa ɗaya, kuma da wuya bakinta bai karkata ba a daidai lokacin. A kan buhun yashi abin yana ɓuya. A tsaye ko a durƙushe a daji ne yake bayyana.

Nan sai an duba wace bindiga ce a hannu. Axis ta asali, wadda ta fara fitowa a 2010 da sunan Edge, kunamarta mai tauri ce kuma ba a daidaita ta. Axis II tana da kunama mai suna AccuTrigger, da ake iya sassautawa zuwa wajen laba 2 da rabi da ɗan makullin da ke zuwa da ita. Ruger American, tun fitowarta a 2012, tana da kunamar da ake daidaitawa tsakanin laba 3 da 5. Masu waɗannan biyun ba su da dalilin sayen komai, su bi littafi su daidaita. Mai Axis ta asali shi ke da zaɓi biyu: canjin sifirin na wajen dala 20, ko cikakkiyar kunama ta Timney ko Rifle Basix, daga wajen dala 100 zuwa 170.

Cikin duk gyare-gyaren nan, wannan ne kaɗai zai iya kashe mutum. Kunamar da aka sassauta fiye da kima tana iya tashi in an rufe sakata da ƙarfi, ko bindiga ta faɗi, ko an cire makullin kariya. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2014 Remington ta yi kiran a dawo da bindigoginta Model 700 da Model Seven masu kunamar X-Mark Pro da aka ƙera daga Mayu 2006 zuwa Afrilu 2014, saboda yiwuwar tashi ba da niyya ba. Don haka kada a sa dutse ko magagari a haƙoran kunama a gida. Bayan kowane gyara, a tabbatar bindiga babu harsashi, a ɗana ta, a rufe sakata da ƙarfi sau da yawa, a buga gindinta a kan kafet, a sa makullin kariya a ja kunama sannan a cire makullin. In ta tashi ko sau ɗaya, a kai wa mai gyaran bindiga. Ga farauta ba na son ƙasa da laba 3, musamman a sanyin Nuwamba lokacin da yatsu suka ƙage cikin safar hannu. Canjin kunama kuma yana iya soke garantin kamfani.

Ƙota

A ƙota kamfanoni suke rage tsada. Roba ce marar nauyi, gabanta yana lanƙwasa in an danne shi da hannu ko an ɗaura masa ƙafafun tokara, har ya taɓa bututu. Magani mai araha shi ne faɗaɗa hanyar bututu da cike ramukan cikin gaban ƙotar da gam mai ƙarfi, abin da ba zai wuce dala 30 ba. Mataki na gaba ƙotar katako mai falle-falle ta Boyds, daga wajen dala 150 zuwa 250, ko Magpul Hunter ta Ruger American a wajen dala 300, ko gangar alminiyom ta kamfanin MDT na Kanada, wadda ke farawa daga wajen dala 400.

Ƙotar katako tana son a yi mata shimfiɗa, wato a zuba gam irin Devcon ko Acraglas a mazaunin ƙarfen don ya zauna daram, a sa ginshiƙan ƙarfe a ramukan notuna. Aiki ne mai kyau amma yana da tarko. Wanda ya manta shafa maganin hana mannewa a jikin ƙarfen ya haɗe bindiga da ƙota ke nan. A Axis akwai ƙarin kula, saboda ƙarfen da ke tare naushi a cikin ƙota yake zaune, ba a jikin bindigar ba. Ruger American kuwa ta zo da mazaunan ƙarfe guda biyu a cikin ƙotarta, shi ya sa canjin ƙota bai cika matse mata ramuka sosai ba.

Abin da sabuwar ƙota ta fi bayarwa shi ne zama daidai a kafaɗa da kumatu, da ƙarin nauyi mai rage naushi. Wannan yana da amfani a kan bencin harbi na filin gwaji. Ga mai hawa tsaunukan Colorado kuwa, laba 2 na ƙari kaya ne. In tsayin wurin kumatu ne kaɗai damuwar, matashin da ake ɗaurawa na dala 25 ya raba gardama. Kuma ƙota ba ta bin ka zuwa wata bindiga, in ka sayar da wuya ka mayar da rabin kuɗin.

Atisaye

Iska mai gudun mil 10 a awa daga gefe tana ture harsashin .308 wajen inci 7 a yadi 300. Babu ƙota ko kunamar da ke gyara wannan, sai ido da sabo. Jan kunama ba harsashi a gida, bayan an duba sau biyu cewa bindiga fanko ce kuma harsasai suna wani ɗaki, kyauta ne, kuma yana warkar da ƙiftawar da tsoron naushi ke jawowa. Wanda ke da hali ya nemi ƙaramar bindiga .22 mai sakata, kamar Savage Mark II, wajen dala 250 zuwa 300. Kuɗin harsashin .308 guda ɗaya yana sayen na .22 sama da goma. Abin toshe kunne wajibi ne a kowane harbi, don jin da ya tafi ba ya dawowa.

| Gyara | Kimanin farashi (dala) | Tasiri a kan ramuka | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sifana mai awo | 50–60 | Babba in akwai sako-sako | Har abada | Mai sauƙi | Kaɗan ƙwarai |
| Gwajin harsashi | 120–180 | Galibi mafi girma | Na bututun nan kaɗai | Mai sauƙi, yana cin lokaci | Kaɗan |
| Madubi da zobba | 200–400 | Babba in tsohon ya lalace | Yana bin ka | Matsakaici | Kaɗan |
| Kunama | 0–170 | Kaɗan a benci, babba a daji | Mai daɗewa | Matsakaici | Mafi girma |
| Ƙota | 30–450 | Kaɗan zuwa matsakaici | Na bindigar nan kaɗai | Shimfiɗa tana da wuya | Ga bindiga |
| Ƙaramar .22 | 250–300 | Ga maharbi | Mai daɗewa | Mai sauƙi | Na kowace bindiga |

Farashin nan kimantawa ce, yana hawa da sauka da kaka da jiha.

Wa ya dace da wanne

Mafaraucin barewa da harbinsa bai wuce yadi 200 ba: sifana da gwajin harsashi, dala 200 sun ƙare aikin. In saiti yana ƙaura bayan haka, ya tara na madubi kafin kaka ta gaba. Ƙota ba tasa ba ce.

Mai Axis ta asali da ke tara ramuka a benci amma yana kuskure a daji: kunama, kuma in bai saba da irin aikin ba ya biya mai gyara ya ɗaura masa. Mai Axis II ko Ruger American ya daidaita tasa kyauta, ya juya kuɗin ga madubi.

Wanda ya sayi bindiga da madubinta a ɗaure kuma yana farauta da duhun asuba a daji mai kauri: madubi da zobba da farko, ko da zai jinkirta gwajin harsashi zuwa wata mai zuwa.

Mai son harbin faranti daga yadi 400 zuwa 600: harsashin gasa, sai madubi mai maɓallan da ake iya dogara da su, sai ƙota mai tauri a ƙarshe. Amma ya yi lissafi tukuna. In jimillar gyaran ta doshi dala 700, ya kwatanta da sayar da wannan ya sayi Tikka T3x ko Bergara B-14, waɗanda ke zuwa da kunama da bututu masu kyau tun daga kwali.

Sabon shiga da bai harba kwali biyar ba tukuna, ko wanda ke runtse ido kafin ƙara ta tashi: ya ɗaure notunansa, ya bar sauran bindigar yadda take, ya sa kuɗin a ƙaramar .22 da kuɗin shiga filin gwaji.